Sunan da Lauyan Landan Ya Sa Na Faɗa

Tun da na dawo bakina bai huta ba. Duk wadda ta shigo barka da sauka sai ta gyara zama ta ce, "To Inna, yaya Landan?" Na ba matan ajinmu na yaƙi da jahilci labari, na ba maƙwabta, har mai kawo mana nono ta sauke ƙwaryarta ta ji rabonta. Jiya Malama Asabe, wadda ta koya mana riƙon fensir, ta ce, "Ke da kika iya rubutu, ki zuba shi a takarda mana, ki samu ki sha ruwa." To ga shi na zuba. Abu ɗaya nake roƙo. Can gaba akwai wata kalma da zan rubuta, wadda take karanta muku in ta iso wurin ta sassauta murya.

Abu biyu suka kai ni. Na farko, Binta matar Likita ta kusa sauka, kuma haihuwar fari ce, uwarta ba ta da lafiyar tafiya. Na biyu takardu.

Wanda bai san gidanmu ba, Likita shi ne na fari a wurina, kuma sunan kakansa na wajen uba aka sa masa, wato surukina. Kunya biyu ke nan a kan mutum ɗaya. Tun ranar suna ban taɓa kama sunan nan da bakina ba. Da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke abinta. In ina nemansa sai in ce "ina yaron nan", da ya girma ya koma "mutumin nan", da ya gama karatu Allah ya kawo mini sauƙi ya zama Likita.

Yana aiki a wani asibiti a Landan sai wani asibitin a Amirka ya ba shi gurbi, ya je ya koyi jinyar jarirai ya dawo gida da ita. Amma ba a ba mutum bizar irin wannan tafiya sai asibitin can ya aiko da wata takarda, takardar cancanta, mai faɗin wane ne shi, me zai koya, wa zai ci da shi, yaushe zai koma ƙasarsu. Kafin su rubuta ta suka ce ya aiko da shaidar karatunsa tun daga tushe. Nan aka sami matsala. A firamare an rubuta sunansa da na mahaifinsa. A kwaleji aka tarar masu sunan sun yi yawa a aji, sai hedimasta ya maƙala wa kowa sunan garinsu. A ofishin fasfo kuwa akawun ya san marigayi maigidana a kasuwa, sai ya rubuta masa Mai Goro. Mutanen Amirka suka aiko da tambaya cikin ladabi: a cikin mutum ukun nan wanne muka gayyata?

Aka aiko gida a yi takardar rantsuwa a gaban alƙali. Kawunsa ya je, da zuciya ɗaya, ya rantse a kan sunan da kowa yake kiransa da shi a gida, wato Abba. Mutum uku suka zama huɗu. Sai asibitin ya ce magana ɗaya ta rage, uwa ko uba su rantse a gaban lauya cewa duk mutum ɗaya ne, kafin sanyi ya wuce, in ba haka ba a ba wani gurbin. Uban ya riga mu gidan gaskiya. Likita ya rubuto ya ce tunda dama zan zo wa Binta, in taho da takardun asali a hannuna, kada a sake ba wani kawu.

Shirin tafiyar ma tafiya ce. Mai hoton fasfo ya yi ta fama da ni in ɗaga kai in dube shi, ni kuwa ban saba zuba wa namiji ido ba, shi ya sa a fasfona nake kama da wadda aka kama da kazar maƙwabta. Aka yi mini allura aka ba ni kati rawaya. Takardun Likita na naɗe su a leda, na ɗinke a ƙyalle, na ɗaura a ƙugu ƙarƙashin zani, duk inda na motsa sai ƙaras ƙaras.

A jirgi Allah ya haɗa ni da Hajiya Dije, 'yar kasuwa, mace mai jiki da murya. Tun da kuɗin man fetur ya buɗe, ita Landan ta zame mata bayan gida, wai leshi da takalma sun fi araha a can. Jirgin cike yake da irinta, da alhazai masu zuwa a duba musu haƙori. Ita ta ɗaure mini ɗamarar kujera, ta ji ƙarar ledar ta ce, "Yaya, gyaɗa kika ɓoye?" Da aka kawo abinci na buɗe na ga ɗanyen ganye an yayyanka, ba a ko nuna masa wuta ba. Na ce, "Hajiya, sun manta ba su dafa ba." Ta ce, "Haka suke ci. Ki ba ni naki." Na ba ta, na ci burodi da shayi.

Da muka sauka aka jera mu a layi har gaban wani Bature mai hatimi. Hajiya Dije ta tsaya tana juya mini magana.

"Ya ce wurin wa kika zo?"

"Wurin Likita."

Ta faɗa masa. Ya ɗago ya dube ni sama da ƙasa.

"Ya ce me yake damunki? Tun yaushe kike ciwon?"

Kafin in ankara an kira wata mai farin kaya za a kai ni a duba ƙirjina. Hajiya ta fizge wasiƙar Likita da ke hannuna ta karanta masa sunan da ƙarfi, har na ji kunnena ya yi zafi. Ya buga hatimi. Muna wucewa ta ce, "Yaya, bari in gaya miki, a garin nan suna shi ne mutum. Wanda ba a faɗi sunansa ba bai zo duniya ba." Na yi murmushi kawai, na ɗauka surutun 'yan kasuwa ne.

Wajen kwastan suka buɗe jakata. Kilishi suka ɗauke, Allah ya sa ya amfane su. Kanwa suka jujjuya, suka ƙwanƙwasa a tebur. Busasshen ganyen darbejiya na wankan Binta suka kira mutum biyu suka duba. Sannan wani saurayi mai jan kunne ya kwance ƙullin daddawa ya sa hancinsa gaba ɗaya. Allah ya ba shi haƙuri. Ya ɗaure da kansa, ya rufe jakar, ya nuna mana ƙofa da hannu biyu.

A waje na hango Likita cikin wata ƙatuwar kwat, ya rame. Ya zo ya durƙusa a gabana a tsakiyar mutane. Wata tsohuwar Baturiya ta zaci wani abu ya yar, ta sunkuya tana taya shi nema. Ni kuwa na dubi wani ginshiƙi na ce, "An same ku lafiya?" Ya ce, "Lafiya lau, Inna." A gefenmu wata tana rungume da nata ɗan tana sumbatarsa a goshi da kumatu, ƙato da gemunsa. Na ce a raina kowa da irin tarbiyyarsa.

Muka hau bas, sannan muka gangara cikin ƙasa wurin jirgin da suke kira tiyub. Akwai matakala mai tafiya da kanta. Na tsaya na ce ta fara tsayawa tukuna. Likita ya ce ba ta tsayawa. Na ce to ni ma ba na gaggawa. Sai da layi ya taru a bayana, kowa yana cewa sori kamar su suka yi laifin, sannan na tattare zanina na yi bisimilla na taka. Cikin jirgin mutane suna zaune gwiwa da gwiwa, ba mai ce wa wani ci kanka. Na yi sallama. Wani Bahindiye mai hula can ƙarshe ya amsa, ni da shi muka yi ta kallon juna kamar 'yan uwa.

Unguwarsu, Binta ta rubuta mini sunan a bayan katina, Whitechapel. Ɗaki biyu ne a saman bene, fulat suke ce masa. Mai gidan tana ƙasa, wata tsohuwa Misis Girin, ita da kyanwarta. Akwai Musulmi da yawa a layin, mutanen ƙasar Hindu, da mahaucinsu da masallacinsu. Rana kuwa sai dai labari. Azahar da la'asar da magariba suna bin juna kamar 'yan uku, kafin ka naɗe tabarma an sake kira. Daren farko Likita ya sayo kifi da dankali an naɗe a jarida. Kifin ba laifi, amma ba gishiri ba yaji, sai wani ruwan tsami. Na kwance yajina.

Abin da ya fi sanyi damuna shi ne safiya. Da mai kawo wasiƙa ya wuce sai Misis Girin ta tsaya a gindin bene ta ƙwala wa Likita kira da sunansa tsirara. Sunan surukina, dattijon da ko ɗansa bai taɓa kamawa ba, ana cilla shi sama kamar ana kiran mai tallar ƙosai. Kullum sai na ce a'uzubillahi a hankali. Binta tana dariya har tana riƙe ciki.

Ba a daɗe ba ta sauka, mace, lafiya lau. A asibitinsu har tambayar miji suke ko zai shiga ɗakin haihuwa ya riƙe hannun matarsa. Na ce a gaya musu muna godiya. Da aka dawo gida na ɗora tukwane a kan murhun gas, na zuba darbejiya, na fara wa Binta wankan jego. Tururi ya cika fulat, tagogi suka yi gumi, takardar da suke manna wa bango ta fara saɓulowa daga sama kamar fatar maciji. Misis Girin ta hawo a guje da bokiti ta zaci gobara ce. Ta tarar da ni da ganye a hannu ina fyaɗa wa mai jego ruwan zafi. Ta dafe ƙirji ta ce za ta kira 'yan sanda. Sai da Binta ta leƙo tana dariya ta ce mata magani ne. Na zuba mata kunun kanwa a kofi don a sasanta. Ta kurɓa ta yamutsa fuska, ta sake kurɓa. Daga ranar kullum da hantsi sai ta hawo da kofinta.

Ranar suna aka sayi rago wurin mahaucin layin, ba mu ga kansa ba, ba mu ga fatarsa ba, aka kawo shi a kwali. Ɗalibai da ma'aikata 'yan ƙasarmu suka cika ɗakin. Aka raɗa wa yarinya sunana, Rakiya, sunan da tun rasuwar mahaifiyata ba wanda ya kira ni da shi. Nan take aka laƙaba mata Ummi, don ubanta ya sami abin kira.

Washegari na kwance ƙyallen ƙuguna, muka tafi wurin lauya. Doka ta ce Likita ba zai yi mini tafinta a kan maganarsa ba, sai aka roƙi Malam Garba, wani mutumin kirki mai koya wa Turawa Hausa a wata makaranta a unguwar Bulumsbiri. Shi ya zo da Alƙur'ani a naɗe. Lauyan tsoho ne siriri, tabarau a ƙarshen hanci. Ya fara rantsar da Malam Garba cewa zai juya abin da aka faɗa, ba ragi ba ƙari. Aka shimfiɗa takardun nan huɗu a tebur. Likita ya zauna a damata, ni kuwa na ɗan karkata kujerata wajen taga, yadda ya kamata.

Malam Garba ya ce, "Inna, ya ce kin san mutumin nan?"

Na ce, "Ina ganinsa."

"Ya ce ɗanki ne?"

"Haka mutane suke cewa."

Malam Garba ya ce, "Inna, in juya masa haka?"

"Ai ka rantse, Malam."

Ya juya. Lauya ya cire tabarau. Ya tambaye ni me nake cewa. Na ce ni dai ban musa ba. Ya tambayi 'ya'yan da na haifa. Na lissafa masa su tsaf, Hadiza, Sani, Lami, Bala, har da biyun da suka koma suna jarirai. Ya bi takardu da yatsa yana neman wanda ya dace, bai samu ba. Ai ba a sa na fari a lissafi, kowa ya sani.

Malam Garba ya ce, "Inna, ba ki manta kowa ba?"

"Sai na kakarsa."

"Ya ce yaya sunan na kakar tasa?"

"Sunan Malam babba gare shi."

"Ya ce Malam babba yaya sunansa?"

"Sunansu ɗaya."

Na ji Likita ya ja numfashi. Malam Garba ya sa hannu a baki, kafaɗunsa suna rawa. Da ya samu kansa ya yi wa lauyan dogon bayani a kan kunyar ɗan fari. Ni ma na ce a ba ni alƙalami in rubuta, na yi yaƙi da jahilci. Lauyan ya saurara da kyau, ba shi da wulaƙanci. Sannan ya nuna fasfon da ke buɗe a gabana ya ce kowa zai iya kwafa. Ya ce ya taɓa ganin an kawo masa uwar haya, kuma ko ita ta san sunan ɗan. Ya ce shi bai ce ƙarya muke ba, amma ba zai buga hatiminsa a kan "haka mutane suke cewa" ba, mutanen Amirka kuma ba su san kakarsa ba. In na tuna sunan in dawo.

A bas mai hawa biyu, muna sama, Likita ya kasa haƙuri. Bai taɓa ɗaga mini murya ba sai ranar.

"Haba Inna! Nan fa Landan ce. Kalma ɗaya!"

Na dubi gilashin taga na ce, "A gaya wa mutumin nan ba Landan ce ta haife ni ba."

Haka muka isa gida.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Binta tana ba Ummi nono ta ce mini a hankali, "Inna, in ba a yi fostin takardar ta gidan waya kafin ƙarshen wata ba za su yi kansal, su soke tafiyar. Akwai wani yana jiran gurbin." Na ce na ji. Wallahi ba taurin kai ba ne. Ku da kuke da 'ya'yan fari kun sani, bakin ne ba ya buɗuwa, kamar a ce ki fita kasuwa ba zani.

Wata safiya na fito na tarar da shi durƙushe gaban akwatin da ya riga ya shirya, yana fito da littattafansa yana mayarwa kan kanta. Bai san ina tsaye ba sai da na yi gyaran murya. Ya ce, "Inna, ki yafe mini maganar bas. A bar shi kawai. Zan rubuta musu su ba wancan. Jarirai ai a ko'ina akwai su." Ya faɗa yana murmushi. Da faɗa ya yi da ya fi mini sauƙi. Na tuna yana ɗan makaranta lokacin da ƙannensa biyun nan suka koma, shi ya riƙa tsayawa a ƙofar ɗakina, ba ya shiga, ba ya tafiya.

Na sauka ƙasa kai wa Misis Girin kununta, don ranar ƙafarta ta hana ta hawa. Ban taɓa shiga ɗakinta ba. A kan murhu akwai hoton wani saurayi da hular soja. Ta ga ina kallo, ta ɗauko ta goge da hannun rigarta ta ce, "Tomi." Ta nuna cikinta, ta ɗaga yatsa ɗaya. Ta sake cewa, "Tomi," ta mayar da shi. Binta ta gaya mini daga baya a yaƙi ya tafi bai dawo ba, kuma kullum da safe sai ta gaishe shi da sunansa kafin ta ba kyanwa madara. Na hau bene a hankali ina tunani. Ita sunan ya rage mata tana ta kira ba mai amsawa. Ni ga mai amsawa a sama yana kwashe littattafai.

Sai na fara gwaji. In na shiga banɗaki sai in saki famfo in gwada. Farkon kalmar yake fita, sauran ya maƙale. Na gwada a cikin tururin tukunya. Binta ta jiyo ina ta "zuu zuu" ta ce, "Inna, ƙuda ne? Ai ba ƙuda a garin nan." Na gwada a gaban kyanwar Misis Girin, ta dube ni ta fita. Har ranar da na ce a kira Malam Garba mu koma, ban taɓa kai kalmar ƙarshe ba.

Lauya ya karɓe mu kamar ba a yi komai ba. Na yi alwala tun daga gida. Na ɗora hannu a kan Alƙur'ani. Wannan karon ban juya kujera ba, amma ban dube shi ba, na dubi igiyar takalminsa, ɗaya ta kwance.

"Inna, ya ce mutumin nan ɗanki ne?"

"Ni na haife shi. Shi ne na fari."

"Ya ce wane suna aka raɗa masa?"

Na nemi gafarar surukina a zuci. Mai karatu, nan ne wurin.

Na ce, "Zubairu."

Sai na ji kujera ta yi ƙara. Ya miƙe tsaye, ƙato da shi, likita guda, ya ce, "Na'am, Inna."

Ba wanda ya tambaye shi. Shi ma bai san ya faɗa ba sai da ta fita. Ya tsaya hannuwansa a gefe kamar yaron da aka kira za a aika, idonsa ya cika. Malam Garba ya juya yana neman wani abu a aljihunsa da ba ya nan. Lauya ya tambaya me ya ce. Malam Garba ya ce, "Ya amsa." Tsohon ya dube mu ta saman tabarau, ya jawo takarda ya fara rubutu.

Na zaci an gama. Ashe sai na faɗi sunan uban, wato maigidana, wanda har ya bar duniya "Malam" nake ce masa. Na ce wanda ruwa ya riga ya jiƙa ba ya gudun yayyafi, na faɗa. Na bi takardun ɗaya bayan ɗaya, na firamare, na kwaleji, Mai Goro, da Abban kawunsa, na ce duk shi ne. Lauya ya turo mini tawadar dangwale. Na ture ta a hankali na karɓi alƙalami na rubuta sunana da hannuna. Malama Asabe, layin bai karkace ba.

Aka aika. Bayan 'yan makonni Misis Girin ta ƙwala kiranta na safe, wannan karon ban ce a'uzubillahi ba. Takardar cancanta ce ta iso, da suna ɗaya tak, a ƙasa an ƙara Binta da jaririya a matsayin masu bin sa.

Saura biza. Muka tafi ofishin jakadancin Amirka, ni aikina riƙon Ummi. Layi har waje, iska kamar reza. Da aka zo kanmu, wata budurwa ce a bayan kanta, tana magana ta hanci, Binta tana raɗa mini abin da ake cewa. Ta duba takardar asibiti, ta duba ta lauya, ta duba shaidar wanda zai ci da su. Ta tambaye shi me zai tabbatar mata zai koma ƙasarsu in ya gama. Ya nuna ni da hannu. Ta dube ni, ta yi murmushi, ta yi alama a takarda. Sannan ta leƙo ta yi wa jaririya wasa, ta ce masa yaya sunanta.

Ya ce, "Ummi."

Ta duba takarda. Ta juya bayanta. Ba Ummi. Murmushin ya tafi. Binta ta buɗe baki, budurwar ta ɗaga hannu ta ce uban ta tambaya.

Na ga wuyan Likita ya fara sheƙi, cikin sanyin nan. Ya yi tari. Ya ce sunan yana nan a rubuce. Ta ce ta gani, so take ta ji. Ya ce sunan kakarta ne. Ta ce madalla, kakar yaya sunanta. Ya saci kallona. Mutumin da ya yi jarrabawar Turawa ya cinye, ga shi yana haɗiyar yawu a gaban yarinya sa'ar ƙanwarsa.

Na gyara wa Ummi hula, na dubi bango na ce, "A gaya wa mutumin nan, nan fa Landan ce. Kalma ɗaya."

Binta ta cusa fuska a mayafi. Ya sunkuyar da kai ya faɗa can ƙasa. Budurwar ta sa hannu a kunne ta ce ba ta ji ba. Ya rufe ido ya ce, "Rakiya."

Na ce, "Na'am."

Aka buga musu biza su uku.

Sun tashi kwana kaɗan bayan na taho. Misis Girin na bar mata sauran kanwa, ta rungume ni a bakin ƙofa, na haƙura na tsaya. A filin jirgi ya sake durƙusawa, na sake duban ginshiƙi, na ce Allah ya yi albarka. Tun daga ofishin lauyan nan ban sake faɗa ba, shi ma bai sake ba, kuma kada wadda ta zo ta ce in maimaita mata don ta ji yadda ya fita. Wadda take son ji ta nemi fasfo ta je ta tambayi lauyan, yana nan da tabaransa.